Ja'afaru da Dodon Cikin Tulu

Duk wanda ya san Ja'afaru Dillali ya san mutum ne da ba ya iya wuce gardama. In yana tafiya ya ji mutum biyu suna musu a kan ko Talata aka yi ruwa ko Laraba, sai ya kafe babur ɗinsa a gefen hanya, ya tambayi kowa inda yake lokacin da hadarin ya taso, kuma ba zai tafi ba sai ya raba su. Matarsa Zuwaira takan ce ko ranar da aka kai ta ɗakinsa sai da abokai suka je suka janyo shi daga ƙofar wani gida, inda ya tsaya sasanta wasu mata a kan akuya.

A Sandamu aka haife shi, a gidan manoma. Mahaifinsa ya lura yaron ya fi daɗewa a bakin iyakar gona yana sauraron rikicin maƙwabta fiye da yadda yake daɗewa da fartanya a hannu, sai ya tura shi Daura wurin wani kawunsa dillalin dabbobi. A nan ya koyi duba haƙoran rago, da taɓa gadon bayan sa, da riƙe hannun mai saye da na mai sayarwa har sai ɗaya ya ce ya sallama. Ya yi aure, ya gina ɗan gidansa a cikin gari, ya haifi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ranar kasuwar Mai'adua yana can tun safe, sauran ranaku kuwa yana nan yana neman wanda zai yi musu a gabansa.

Wasan da ya zo ya mamaye masa rai, Sharfaddeen ne ya kawo shi. Sharfaddeen ɗan kasuwa ne mai tsallaka kaya ta bakin iyaka a Kongolam, kuma wata rana ya dawo da kwali cike da wasu katuna masu zane, ya ce wasu matasa ne a can tsallake suka ƙirƙira, suka buga da Hausa, suka sa masa suna Kurmin Dodanni. Kowane ɗan wasa yana da tarin katinsa da 'yan ƙwallayen dabino a gabansa, su ne rayukansa. Ana sauke dodanni da mayu da maharba a kan tabarma suna faɗa, katin da aka kashe a tura shi gefe inda ake kira juji, wanda ƙwallayensa suka ƙare ya faɗi. A ƙarƙashin kowane zane an rubuta abin da katin yake yi. Abin da matasan nan ba su rubuta ba shi ne abin da zai faru in kati biyu suka ci karo, kowanne yana faɗin nasa.

A ƙofar shagon Harisu tela aka kafa majalisar, bayan la'asar, taku kaɗan daga gidan Ja'afaru. Ba caca ba ce, ko goro ba a sawa, shi ya sa dattawan unguwa suka kawar da kai. Ja'afaru dai da farko ya ce wannan aikin 'yan tasha ne, ya wuce yana tsaki. Washegari ya sake wucewa, a hankali. Rana ta uku ya tarar ana hayaniya, kuma daga nan labari ya ƙare.

Abin da ya faru shi ne wani ya harba Kibiyar Wuta, abokin wasansa ya tare da Madubi, katin da ke mayar da duk abin da aka jefo zuwa ga mai jifa. To shi ma mai harbin yana da nasa Madubin a kan tabarma. Wannan ya ce kibiya ta koma, wancan ya ce ta sake dawowa, ga shi rana tana ta sauka. Ja'afaru ya tsuguna, ya sa aka karanta masa rubutun katunan sau biyu, ya shafa gemu. Sannan ya ce kibiyar da za ta yi ta kai da komo har a kira magariba ba ta sami kowa ba ke nan, don haka a tura ta juji, kowa ya riƙe madubinsa, a ci gaba da wasa. Kowa ya ga bai yi asara ba, kowa kuma ya ga bai ci ba. Harisu ya shiga shago ya fito masa da kujera.

Kujerar nan ita ce abin da Ja'afaru ya fi so a duniya bayan iyalinsa, kuma wasu ranakun Zuwaira tana shakkar jerin. A kasuwa in ya raba ciniki, kowa yakan tafi yana zargin ya karkata wa ɗaya. A nan kuwa in ya buɗe baki sai a yi tsit, har samari masu digiri suna cewa "Alƙali ya faɗa." Sannu a hankali ya kafa ƙa'idojinsa. Ya ce in katuna suka hau kan juna, wanda aka sauke a ƙarshe shi ke fara aiki, kamar buhunan da aka loda a mota, na sama ake fara saukewa. Ya ce in wani kati ya ce a yi, wani ya ce ba a yi, to mai hani ne da gaskiya. Ya ce kati ba ya taɓa abin da ba ya kan tabarma a lokacin da ya sauka. Wasan kansa kuwa bai iya ba ko kaɗan. In ya zaro kati mai kyau sai girarsa ta ɗaga har ta kusa shiga hula, kowa ya gane, shi ya sa ya haƙura da bugawa ya tsaya a kan hukunci.

Mutum biyu ne suka fi ba shi aiki. Na farko Audi, taubashinsa kuma sa'ansa, mai sayar da hatsi, wanda bai taɓa faɗuwa a wasa ya yarda ya faɗi ba. Audi yana kiransa baƙauyen Sandamu, shi kuma yana kiran Audi mai kan mudu, kuma sun shekara arba'in a haka ba wanda ya gaji. Na biyu Ikrima, saurayi mai gyaran waya, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ya fi kowa iya wasan. Ikrima yakan haɗa katuna uku da ba wanda ya taɓa tunanin suna da dangantaka, ya sauke su a jere, ya naɗe hannu. Ja'afaru yana son irin waɗannan shari'o'in kamar yadda wasu ke son kilishi. Sau da yawa bayan an watse sukan tsaya su biyu suna jujjuya kati ɗaya, suna cewa to da a ce kaza ne fa, har sai ladan ya katse su.

Abin da Alƙali bai gani ba, duk da kaifin idonsa, shi ne wayar Fadila, 'yarsa ta fari mai koyarwa a firamare, ta riƙa lalacewa fiye da ƙima a shekarar nan. Yau caji, gobe lasifika, jibi gilashi. Zuwaira ta gane tun lalacewa ta biyu, ta yi shiru abinta. Ranar da manyan Ikrima suka zo da goro neman izini, Ja'afaru ya yi murna har cikin zuciyarsa, don ya san yaron ciki da waje, yarinyar kuma da aka tambaye ta sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Bai tuna da majalisa ba sai bayan an watse daga biki.

La'asar ta farko da ya doso shagon Harisu bayan ɗaurin aure, Ikrima yana tsakiyar wasa. Yana hango shi ya kife katunansa, ya cire takalmi, ya tsuguna can gefe kansa a ƙasa ya ce, "Barka da yamma, Baba." Kafin Ja'afaru ya gama amsawa, yana kallon wani wuri daban, yaron ya sulale ta lungu. Ba wanda ya yi mamaki. Suruki ba ya zama tabarma ɗaya da uban matarsa, ba ya cin abinci a gabansa, balle ya ɗaga murya yana cewa dodona ya cinye mayyarka. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. In Alƙali ya zo, gwani ya gudu, in gwani yana nan, Alƙali ya hango ya juya kamar ya manta wani abu a gida. Majalisa ta lalace, kuma kowa ya san ɗaya daga cikinsu ne zai bar ta. Ja'afaru ya sani, kuma ba ya son ya zama shi ne.

Audi ne ya kawo dabara, kuma ya daɗe yana yabon kansa a kanta. Ya ce ai kunya ta ido ce, a ɗauke kujerar Alƙali a kai ta bayan shago, ƙarƙashin darbejiya, inda bango zai raba su. In gardama ta tashi, Harisu ya jera katunan a kan faifai yadda suka sauka, ya zagaya ya kai masa. Kuma kada a ambaci sunan kowa, a ce na gabas da na yamma kawai, gwargwadon inda mutum ya zauna. Aka gwada, ta yi. Mai wucewa sai ya ga tela da tef a wuya yana zagaya bango a hankali da faifai a hannu biyu, kamar mai kai wa baƙo tuwo, ya dawo ya ce Alƙali ya ce na yamma ne da gaskiya.

Sai dai dillalin da ke gane ragon Sandamu daga na tsallake ta tsayuwarsa ba zai kasa gane hannun Ikrima a kan faifai ba. Da zarar ya ga katuna uku da ba su da dangantaka, ya san na wane ne. Kuma a nan ne ciwon ya fara. Mutum ba ya tsayawa a gaban jama'a ya ba nasa gaskiya, sai a ce ya yi son kai, ko a ce ba shi da alkunya. Wata rana aka kawo masa shari'ar da ke iya faɗawa kowane ɓangare, ya ba abokin karawar yaron. Wata rana aka kawo wadda ta ɗan fi karkata ga yaron, ya yi ta shafa gemu, ya sake ba abokin karawar. Ya koma gida ranar bai ci tuwon kirki ba, Zuwaira ta tambaye shi ko ciniki ne ya watse, ya ce a'a.

Daga nan faifan da ke ɗauke da hannun Ikrima ya daina zuwa. Ja'afaru ya ɗauka yaron ya rage zuwa majalisa ne, sabon aure. Audi kuwa ya shiga cin wasa ba ƙaƙƙautawa, har yana zagayowa bayan shago yana cewa ashe can da ma Alƙali ne ke danne shi.

Wata la'asar da damina, an yi yayyafi an ɗauke, Ja'afaru yana zaune shi kaɗai yana korar ƙuda, sai ya ji majalisa ta kaure, sannan ta yi shiru, sannan Audi ya fashe da dariyar nasara. Ya jira faifai bai zo ba. Can sai ga Harisu ya zagayo hannu wofi, fuskarsa ba daɗi, wai ya zo zubar da ruwan guga ne. Ja'afaru ya tambaye shi me ya faru. Harisu ya yi ta kame-kame, sannan ya tsuguna ya zana masa a ƙasa.

Na yamma yana da Tulun Aljani, katin da ke haɗiye dodon abokin gaba ya riƙe shi muddin tulun yana kan tabarma. Da shi ya haɗiye Dodon Ruwa na na gabas tun farkon wasa. Daga baya na gabas ya tara maharba suka matse na yamma, ƙwallon dabino ɗaya ya rage masa, sai shi na yamman ya sauke Guguwa, wadda ke share duk abin da ke kan tabarma, nasa da na abokin gaba, ta kai juji. Maharba suka tafi, tulu ma ya tafi. To dodon da ke cikin tulun fa? Na yamma ya ce guguwar da ta ɗauki tulu ai ta ɗauke shi da abin da ke cikinsa. Wasu suka ce a kai wa Alƙali.

"To me ya hana a kawo?" in ji Ja'afaru.

"Na gabas ya ce a bari, ya yarda dodon ya tafi." Harisu ya share zanen da tafin hannu. "Kullum haka yake yi, Alƙali. Tun da ya gane kana gane hannunshi, ko gaskiyarshi ta kai girman shagon nan sai ya ce a bari. Wai ba ya so a riƙa sa ka cikin wahala."

Ja'afaru ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro. Amsar shari'ar ba ta ɗauke shi ƙiftawar ido ba, kuma ya san yaron ma ya san ta, don tare suka taɓa jujjuya tulun nan a hannu kafin aure ya shiga tsakaninsu. Ga shi yanzu za a tashi a kan cewa guguwa tana kashe abin da ke cikin tulu, gobe wani ya kafa hujja da haka, jibi ya zama doka. Shi kuma yana bayan bango yana gadin kujera.

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya zagaya bangon da ƙafarsa.

Majalisa ta daskare. Ikrima ya zabura zai tashi, ya ga ba hanya, don Alƙali ya tsaya daidai bakin lungun da yake bi, sai ya zame daga tabarma ya tsuguna ya dafa ƙasa. Ja'afaru bai dube shi ba. Ya zuba wa allon shagon Harisu ido kamar yau ya fara ganin hoton keken ɗinki, ya ce a mayar da katuna yadda suke. Aka mayar. Ya tambayi Audi, lokacin da Guguwa ta sauka, ina dodon yake.

"Cikin tulu mana," in ji Audi.

"Tulu na kan tabarma. Dodon fa, yana kan tabarma? In yana kai, me ya hana shi cizonka tun ɗazu?"

Ja'afaru ya bi abin daki-daki, har yanzu yana yi wa allon shago bayani. Guguwa ta sauka, ta share abin da ta tarar, ta wuce, aikinta ya ƙare. Tulu ya bar tabarma, sharaɗin riƙonsa ya warware, dodo ya fito. Ya fito ya tarar da fili fayau, ba guguwa, ba mai tare shi, sai mutum ɗaya mai ƙwallon dabino ɗaya. Ya sa yatsa ya ture ƙwallon Audi daga tabarma, ya ce na gabas ya ci.

"Ka ji baƙauyen Sandamu," in ji Audi, yana tattara katunansa. "An ba shi suruki ya sayar da taubashi."

Aka yi dariya, har Harisu yana riƙe ciki, kuma da Ja'afaru ya tsaya a nan da an tashi lafiya. Amma ya riga ya gama wata shari'ar a zuciyarsa tun yana zagayo bango. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce alƙalin da ake ɓoye wa ƙara don a tausaya masa ya tashi daga alƙali. Ya ce wasan nan yana buƙatar wanda za a kalli idonsa a yi masa musu.

"Akwai wanda ya san amsar nan kafin a faɗa mani," ya ce. "Ku riƙa tambayar shi. In shi ke wasa, ku sa ya faɗi hukuncin ko da a kanshi ne, ba zai cuce ku ba."

Ikrima ya ce, "Baba, don Allah..." Ja'afaru ya yi kamar da bango ake magana. Ya ce wa Harisu ya zagayo da kujerar gaba, ruwa na dukanta a banza a can baya, ya yi sallama ya tafi gida.

Ya gaya wa Zuwaira cewa ya gaji da surutun yara ne. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Washegari bayan la'asar ya shimfiɗa buzu a zaurensa, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa yadda ba za ta hana shi jin waje ba. Ba a daɗe ba hayaniya ta tashi daga wajen shagon, muryar Audi a sama da ta kowa. Kafin Ja'afaru ya ankara ya miƙe, ƙafarsa ɗaya ta shiga takalmi. Ya tsaya a haka yana saurare. Hayaniyar ta yi sama, ta yi sama, sai ta yanke, kamar wani mai magana ƙasa-ƙasa ya fara bayani kuma kowa yana son ji. Can sai ƙarar katuna ta ci gaba a kan tabarma. Ya zare ƙafarsa ya koma ya zauna.

Gab da magariba Audi ya leƙo zauren yana huci, ya zube a kan buzu ba a ce masa bismilla ba. Ya ce wannan sabon alƙalin ya fi tsohon mugunta, ya kwashe shari'ar ya faɗa, wata rikitacciya ce tsakanin Mayyar Kuka da Tsuntsun Toka da Madubi a sama. Ja'afaru ya sa ya maimaita masa yadda katunan suka sauka, da abin da aka yanke, da hujjar da aka kafa. Ya rufe ido ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe, ya sake bi daga ƙarshe zuwa farko. Gaskiyar magana, kuskure yake nema, ko ɗan ƙanƙane ne, wanda zai sa gobe a ce bari a je a tambayi tsohon. Bai samu ba. Ya ji daɗi ƙwarai.

"To, me ka ce?" in ji Audi.

"Ya yi daidai," in ji Ja'afaru. Ya kashe rediyon, ya jawo buta, ya ce wa Audi ya tashi su tafi masallaci.